Kan Kaka a Cikin Kwali

Daga ofishin Babban Likita, shugaban makarantar koyon aikin likita, zuwa ga babbar 'yar Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara, da kuma jikin Inna. Allah ya ba ta sauƙi, amin.

Ina sanar da ke cewa ƙaninki ya iso wurinmu lafiya. Mun bincika, mun tabbatar kan mahaifin Inna yana hannunmu, mun kuma danƙa masa. Ki ce ta kwantar da hankalinta, da ranta za a haɗa shi da gangar jikinsa, kamar yadda ta roƙa.

Ki karanta mata daga sama zuwa nan. Sauran naki ne ke kaɗai.

Wannan ƙanin naki ban taɓa ganin shaƙiyyi irinsa ba. Tun daga ƙofa ya ce wa maigadi shi ne sabon likitan haƙori, har ya sa bawan Allah ya buɗe baki. Sannan ya ba mu labarin da kuka tashi kuna ji: yadda kakanku ya rasu a asibitinmu shekarar annoba, Inna tana 'yar yarinya, aka mayar da gawa a ɗinke cikin likkafani, aka hana buɗewa, sai mai wanka ne ya shafa ya ji babu kai.

Gaskiya ne. Likitocin wancan zamani suna tara kawunan mutane. Sai su cika ƙoƙon kai da gero su juye a mudu, wai da haka za su san wace ƙabila ta fi wata hankali.

Wani tsoho mai riƙe da makullai ya sauka da ƙaninki ɗakin ajiya, can ƙasa, bayan ɗakin wanki. Kanta ce bisa kanta har rufi, duk kawuna. Tsohon ya ce da can kowanne da lambarsa a goshi. Wata shekara za a yi manyan baƙi, aka sa masu shara su tsabtace su. Suka sa soso da sabulu suka wanke su tas, har da lambobin. An ma yaba musu.

Inna ta ce a duba tabon harbin jaki a girar hagu. Ƙaninki ya samu masu tabon ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tsohon ya ce kada ya dogara da wannan, ɗalibai sun sha kayar da su ƙasa.

Sai ƙanin naki ya tsaya tsakiyar ɗakin ya yi irin nasa. Ya dubi kawunan ya ce Kaka, ga jikanka da ya ƙwace maka mata ya zo, in ka isa ka tanka. Duk suka yi ta yashe masa haƙora. Ya jira kuka ya zo, ko tsoro, ba abin da ya zo. Yunwa kawai ya ji, ya zauna a kan matakala ya cinye burodinsa.

Daga nan ya bi kanta-kanta yana karanta musu Ƙulhuwallahu har maƙogwaronsa ya bushe. Ya jera masu tabon, ya rufe ido, ya ɗauki ɗaya. Da ya ɗaga shi, tsabar gero ta zubo masa a tafin hannu. Tsohon ya samo kwalin magani ya sa a ciki.

Yaya, na gaji da wannan rigar aro. Babban Likita bai ma san na zo ba. Na yini a bencin ƙofarsa, aka ce yana taro. Kuma ke ma, wane likita ne zai rubuto miki da ajami? Ni ne, autanku. Na sha yi muku ƙarya don a yi dariya, wannan ban san sunanta ba. Ban san kan wa na ɗauko ba. Ko na wa ne, shi ma akwai wadda ta jira shi.

Ina tasha yanzu, motarmu sai ta cika, shi ya sa na ba direban motar da ke gaba wannan wasiƙa. Kwalin yana kan cinyata. Kwandasta ya so ɗora shi bisa mota tare da kaya, na hana.

Ki gai da kowa. Ki ce wa Kawu ya sa a haƙa gefen kabarin. Ba sai ramin ya yi girma ba.

Ƙaninki,
Auta