Shirun da Ka Yi a Bakin Gonar Damari

Zuwa ga Mas'udu, ruwan farkon damina, inuwar ɗorawar da nake hutawa, sanyin idon Amatullah! Gaisuwa mai yawa daga Zariya, inda jikina ke ɗakin gwaje-gwaje, zuciyata kuwa tana Damari tana bin kunyoyin masararka.

Ka tuna ranar da na same ka bakin gona, na tattara ɗan ƙarfin halina na ce ka turo magabatanka wurin Baba? Wayyo ni! Ka saki baki, fartanya ta suɓuce daga hannunka, ko uffan ba ka ce ba. Mi na yi maka, sarkin kunya? Da kuka na hau mota, har muka wuce garin Sabuwa ban ɗaga kai ba, don na ɗauka ba ka so na.

To, saurara ka ji abin da aikina ya koya mani. Muna ɗaukar ƙwayoyin halitta masu rai, ƙanana har sai da madubi na musamman ake ganinsu, mu ratsa su da wutar lantarki gajera ƙwarai, wadda ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a gabanta. Da ta taɓa su sai su firgita, su dakatar da ƙera sinadaran da suke gina kansu da su, su yi tsit. Farkon ganina na ce shi ke nan, na kashe bayin Allah! Malamarmu ta yi dariya, ta ce in ba su lokaci. In wutar ba ta yi yawa ba, shirun nan kariya ce, tattara ƙarfi suke yi. Ai kuwa da na dawo na same su sun koma aiki, har suna rarrabuwa.

Nan take na tuna fuskarka. Ashe ba ƙi na ka yi ba, firgita ka yi! Maganata ce ta zo maka ba sallama.

Jiya kuma Yaya Suwaibatu ta kira ni tana guɗa, wai Baffanka Alhaji Sanusi ya iso gidanmu da goro, Baba ya karɓa da hannu biyu. Alhamdu lillahi! Na yi ta tsalle cikin farar rigar aiki har abokan karatuna suka zaci gwajinmu ne ya yi kyau. Wa zai gaya masu ƙwayar halittata ta Damari ce ta farfaɗo?

Roƙona ɗaya, masoyina: in na dawo lokacin kaka, ka tare ni da bakinka, ka faɗa mani abin da fartanya ta riga ka faɗa. In kuma ka sake yin tsit, ba zan ƙara kuka ba. Na koyi jira.

Taka har ƙarshen numfashi,
Amatullah