Gulbin Da Ya Biyo Ni Tambuwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke ina nan Tambuwal a ɗakina, kuma a ido lafiyata ƙalau.

Ina da ciki, Inna, wata takwas. Da kina raye da bakina bai iya faɗa miki ba, sai dai ki gani ki kau da kai kina murmushi. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta riga ta iso. Ta sa an tara itace, ta aro ƙatuwar tukunya, ta ce ita za ta yi mini wankan jego. Kowa murna yake yi. Ni tun da na ga tukunyar nan a tsakar gida abinci ya daina wuce mini.

Ruwa nake tsoro. Damina biyu ke nan da ranar da muke dawowa daga kasuwar Kebbe, jirgin fito ya kife da mu a tsakiyar gulbi. Ni aka tsamo ni da rai, ke sai washegari aka same ki. Tun daga ranar, in na ɗebo ruwa zan wanke fuska a alwala, yana taɓa hancina sai tsakar gidan ya ɓace. In ji ihun mata, in ji warin laka, in ji zanina yana ja na ƙasa. Sai in dawo hayyacina in tarar buta ta kife, ni kuma ina dafe da bango. Ni da kika sha korowa daga bakin gulbi da tsumagiya, kina cewa, "Wagga ɗiya, ni na haihe ki ko kihi?" yau da jiƙaƙƙen tsumma nake goge jikina.

An ce aljanin ruwa ne ya shafe ni. An yi mini hayaƙi, na sha rubutu. Matan unguwa suka ce in yi haƙuri in daina tunawa, sai na rufe bakina, abin kuwa ya ƙaru. Har na fara zargin imanina, ina ganin ko ƙaddara ce ban karɓa ba.

Wurin awo asirina ya tonu. Wata mata ta buɗe famfo da ƙarfi, sai ga ni a durƙushe a ƙarƙashin benci da wannan tulelen ciki. Ma'aikaciyar jinyar ba ta yi dariya ba. Ta ja ni gefe ta ce ciwo ne sananne, firgicin da ke maƙalewa bayan mutum ya ga mutuwa da idonsa. Hatsarin ya wuce, amma ƙwaƙwalwa ba ta yarda ya wuce ba, sai ƙaramin abu ya tayar da shi sabo. Ta ce ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa. Na yi kuka a gabanta kamar yarinya.

Maigidana ya kai ni wurin likita a Sakkwato. Saboda cikin bai ba ni ƙwaya ba, aiki ya ba ni. In sa hannu a kwanon ruwa, in ja numfashi a hankali, kada in cire sai bugun zuciyata ya lafa. Yanzu ina kaiwa gwiwar hannu. Makon jiya na wanke fuska sau biyu ban faɗi ba. Aiki na biyu ya fi wuya: in riƙa ba shi labarin ranar daga farko har ƙarshe, ina maimaitawa, har ya zama abin da ya riga ya faru.

Akwai wurin da kullum nake tsallakewa. Ya lura, ya ce in bakina ya kasa in rubuta. Ga shi nan, Inna.

Kin riƙe hannuna a cikin ruwan. Muna nutsewa tare. Sai na ji hannuna babu kowa. Ban sani ba, ni na fizge ko ke kika sake ni. Likita ya ce jikin mai nutsewa ba ya shawara da mai shi. Na ji, amma zuciyata ba ta gama ji ba.

Ga abin da nake tsoron ya faru in na haihu. Jariri da santsin sabulu, ga baho cike da ruwa, abin ya zo mini, hannuna ya buɗe. Jiya na daure na faɗa wa Gwaggo komai. Ta ce ruwan jegona da ludayi za ta fara, kuma ranar da zan fara yi wa jaririn wanka, hannunta na ƙarƙashin nawa. Har yanzu ina tsoro, amma na ce to.

Innata, in ni na fizge, ki yafe mini. In ke kika saki don in rayu, Allah Ya saka miki da Aljanna Firdausi, Ya karɓi shahadarki. Ya sauke ni lafiya, Ya cire mini wannan firgici. Ranar da zan sa jikanki a ruwa kuma, ya Allah, Ka sa hannuna ya riƙe.

Ɗiyarki mai kewarki,
Asma'u