Ƙurajen Saiwar Wake

Tabotaki

Zuwa ga jikata Nasiba, malamar gona a Madawa,

Gaisuwa mai yawa, amaryata. Da hannuna na rubuta, karatun dare bai tafi banza ba.

Ƙunshin baƙin garin da kika aiko ya iso. Kin ce akwai halittu masu rai a ciki; na duba har da tabarau ban ga kowa ba. Zakara na fara ba. Da ya kwana lafiya na cuɗa irin wake da garin da ruwan ƙaro a inuwa, na shuka.

Wake ya yi kore shar. Amma jiya Ɗantala, maƙwabcin gonata, ya tuge gindi guda, sai ga saiwa duk ƙuraje. Ya kai wa maigari, wai na shigo da cuta. An ce in tuge gonar in ƙone kafin Juma'a, kuma irin da ya rage mini ke nan. Gaya mini gaskiya: wa ya ba ki garin nan? Ko gwaji ake yi da gonar tsoho?

Kakanki, Halidu

Madawa

Kaka, angona mai zargi,

Ina gaisuwa da ladabi. Kada ka tuge komai! Ƙurajen nan ɗakunan halittun ne. A ciki suke jawo abinci daga iska suna ba wake, hatsin baɗi ma ya samu ragowa. Ka tsaga guda a gaban maigari: in cikinsa ja ne, suna aiki. Sannan ka roƙa a tuge gindi guda a gonar Baba Ɗantala.

Zakara kuwa ka ba shi haƙuri.

Jikarka, Nasiba

Tabotaki

Nasiba amaryata,

Alhamdu lillahi! Dariya ta hana ni riƙe alƙalami daidai. Na tsaga, ja jawur. Ɗantala ya yi tsalle: "Kun gani, har jini gare ta!" Sai maigari ya sa aka tuge nasa. Ga ƙuraje, 'yan ƙanana tsiraru. Maigari ya ce, "To, Ɗantala, gonar wa za mu fara ƙonewa?"

Wakena yana fure.

Yau da safe matar Ɗantala, Lantana, ta shigo, wai wani baƙo daga Deule ke son garin nan naki. Aiko da ƙunshi guda. Na ce mata baƙon ya zo da zakaransa.

Allah ya yi miki albarka.

Halidu