Ƙyallen da Na Kwance

Sakkwato, 9 ga Rajab 1372

Zuwa ga yayana Malam Attahiru, a Shagari. Gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Bayan haka, yau kwananmu goma sha biyu a asibiti. Fartanya ta sare ƙafar maigidana Mainasara a fadamar albasa, aka kawo mu daga Bodinga. Sun ɗinke, sun ɗaure da farin ƙyalle, har ya fara takawa. Shekaranjiya zazzaɓi ya rufe shi, shina rawar sanyi har gadon ƙarfen na kaɗawa. Likita ya ce ƙwayar cuta ta bi ta ciwon ta shiga jini, kuma irin wagga takan kashe. Ana yi mishi allura sau huɗu a yini.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ga mugunya ta ɓata ƙyallen, raina bai kwanta ya yi salla da ita ba. Kwana uku ina kwancewa in malamin asibiti ya fita, in wanke ciwon da ruwan butarshi, in mayar da ƙyallen. Nan ba ni da wanda zan tambaya, duk baƙi ne. Ka gaya mini hukunci.

Ƙanwarka,
Safinatu

Bodinga, 2 ga Sha'aban 1372

Yayana, ina gaishe ka, ina kuma godiya da ta'aziyya. Allah shi bar zumunci.

Ranar da na aiko maka da takarda na je na faɗa wa likita da bakina. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba mai iya sanin ta inda cutar ta shiga, wataƙila tun daga fadama. Na so ya ce ni ce, ko ya ce ba ni ba ce. Mainasara ya cika ran Laraba da hantsi, bai gane ni ba.

Amsarka ta iske ni cikin takaba: shafa a kan ƙyalle ta wadatar wajen alwala. Na sani, Yaya. Kai ka koya mini tun ina ƙarama, ban manta ba. Zuciyata ce ba ta yarda ba.

Masu gaisuwa sun watse. Butarshi na nan bakin ƙofa inda aka sauke kayanmu. Da ƙoƙo nike alwala.

Ka sa mu a addu'a, ni da shi.

Ƙanwarka,
Safinatu