Iskar da Ta Komo ta Yamma

Bakin teku, Amurka
Alhamis

Zuwa ga mahaifina Malam Alu, Aliero.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Ya ciwon gwiwa? Ya damina? Ke kuma ƙanwata Hafsatu mai karanta wa Baba wannan takarda, ban da tsallake, sunan da kike nema yana nan tafe.

Ni da Safwan na Maiyama, surukinku na gobe, muna nan lafiya a kan kwas ɗin noman rani da sabuwar jiharmu ta turo mu. Irin albasar da kuka ƙulle mini a tsumma ya fito shar a filin gwajin da ke bayan masaukinmu. Malaman sai zagaya shi suke yi.

Baba, mutanen nan sun ba ni dariya. Kwana uku ke nan rediyo ba ta da zance sai na wata guguwa da ke tsakiyar teku, wai har suna suka raɗa mata kamar jaririya. An kafa jajayen tutoci a bakin ruwa. Kowa yana buga katako a taga, burodi da kyandir sun ƙare a kantuna, motoci kuwa jerin gwano suke barin gari. Na fita na dubi gabas kamar yadda kuka koya mini: sama wasai, ko tururuwa ban ga tana kwashe ƙwai ba. Tsohuwar da ta ba mu haya ta roƙe mu mu shiga motarta. Safwan har ya ɗauko jakarsa. Na ce masa ɗan da ya tashi a bayan shanu bai kamata ya gudu daga hadarin da bai haɗo ba, kuma zan gaya wa Hafsatu. Kunya ta sa ya mayar da jakar.

Ku gaida Kawu Atiku. Naku,
Waliyyu

Asabar da hantsi

Zuwa ga mahaifina.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Gidan waya a rufe yake, ban san ranar da wannan za ta tafi ba. Zan sa ta a leda in soke a cikin riga, ko da wani ne zai tsince ta.

Baba, tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Tun jiya teku ta canza murya, daga ɗakinmu muke jin ta. Da safen nan 'yan sanda sun bi layi da lasifika suna cewa an rufe gadar fita daga gari, wanda ya rage ya nemi ɗakin da ba taga. Mu biyu muna cikin banɗaki da katifa da jarkar ruwa. An ɗauke wuta. Gidan na katako ne, yana motsi a ƙarƙashinmu yana kuka, ruwa kuma a kwance yake tafiya, ba daga sama ba.

Hadarinmu na gida mutum yana ganinsa ya taso, ya kora awaki, ya kwashe shanya, kafin a gama tuwo ya wuce. Wannan awa huɗu ke nan, ƙaruwa ma yake yi. Kafin batirin rediyo ya mutu mun ji suna ta nanata cewa ko an ji shiru kada a fita. Safwan carbi kawai yake ja. Da ya zage ni a kan jakar nan da ya fi mini sauƙi.

Ku yafe mini abin da na yi muku, ku ce wa Inna ta yafe. Ku sa mu a addu'a.

Ɗanku,
Waliyyu

Talata

Zuwa ga mahaifina, ta hannun Kawu Atiku a Jega.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina fatan lafiyarku. Kawu, na turo wannan da ta ranar Asabar ta adireshin shagonku don ku tafi Aliero da kanku ku karanta wa Baba, ku biyu kawai. Kada su shiga hannun Hafsatu.

Baba, ina raye, ƙujewa ce kawai a hannuna. Safwan yana asibiti, kwana uku ke nan bai buɗe ido ba.

Ga yadda aka yi. Wajen azahar iskar ta tsaya cak. Rana ta fito, har kukan tsuntsu na ji. Kun san yadda kuka saba mana, iska tana faɗawa kuke tashinmu mu ruga rumbunan albasa mu mayar da jinka kafin ruwa ya ruɓar da wahalar shekara. Wallahi ƙafafuna ne suka fita kafin in yi tunani. Safwan ya riƙe mini riga ya tuna mini maganar rediyo. Na ce masa tun da nake ban taɓa ganin hadarin da ya wuce ya komo ba, na fizge na nufi filin gwaji.

Ashe tsakiyar guguwar ce take da rami, mu kuma a cikinsa muke. Ina tsugune ina janye reshe daga kan albasa, idona yana gabas don ta can nake tsaro, sai ta komo ta yamma, ta bayana. Ban san Safwan ya biyo ni ba sai da ya tunkuɗa ni cikin lambatu. Fallen kwanon rufin da ya taso mini shi ya samu a ka. Na ja shi zuwa gindin wata katanga na kwanta a kansa, muna nan har la'asar. Gidan da muka bari yana tsaye, banɗakin ko tsagewa bai yi ba.

Likita ya ce jini ya taru a cikin kansa, sun yi abin da za su iya, saura jira. Ina zaune a bakin gadonsa ina kallon ƙirjinsa yana ɗagawa, in ya ɗan jinkirta sai nawa numfashin ya tsaya. Takarda tana yin mako uku kafin ta iso ku. Ranar da za ku ji wannan, abin da Allah zai yi ya riga ya yi, kuma ban san wanne ba ne.

Ina roƙon ku da Kawu ku je Maiyama wurin mahaifiyarsa, Inna Gudiya. Kada ku ce mata tsautsayi ne kawai. Ku gaya mata ɗanta ya ɗauko jakarsa zai tafi, ni na hana shi, kuma ni ya fito nema.

Hafsatu kuwa, ku bar mini ita, daga bakina ya kamata ta ji. Sau huɗu na fara rubuta mata, har yanzu ban wuce gaisuwa ba.

Allah ya bar mana ku. Ɗanku,
Waliyyu