Sorin da Maigida Ya Koyo

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da aikin asibiti. Bayan haka, Yaya, baƙuwa ta shigo min gida. Ba mutum ba ce, kalma ce ta Turanci.

Kin san maigida. Mai gyaran firji ne, Turancinsa bai wuce sunayen kayan aiki ba, kuma ko ƙafa ya taka miki, cewa zai yi ke kika ajiye ta a hanya. To tun da ya fara zuwa garinku sayen kayan gyara, bakinsa ya kama "sori". Na yi tuntuɓe, sori. Murfin tukunya ya faɗi, sori. Jiya har firjin mutane ya ce wa sori kafin ya zura masa sukudireba.

A littattafan da nake karantawa, namiji ba ya canza harshe sai an canza masa zuciya. Wa ke koya masa?

Na bar ki lafiya.
Ƙanwarki, Auta

Auta,

Muna lafiya, yara na gaishe ki. Ke kaɗai kika rage mai rubuta wasiƙa ga waya a hannunki. Mata na kukan miji ba ya ba da haƙuri, ke kina kukan naki ya fara. Mai kanti ma yana cewa sori, direba yana cewa, duk zuciya aka canza musu? Ki rage karatun nan. Ki kuma rage gishiri a girki, na san hannunki.

Allah ya bar ku tare.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban gaya miki ya daina cin girkina ba. Ya aka yi kika kawo zancen gishiri?

Na sa masa ido. Duk zafin nan, riga mai dogon hannu yake sawa, ko a tsakar gida ba ya naɗe ta. Ya dawo daga garinku jaka wayam, babu ko guntun waya, ya zube kan kujera kamar wanda ya yi dako. In na tambaya, ya ce kaya sun yi tsada.

Sannan na kasa kunne. Shi ba bayan abu ya faru yake faɗar kalmar ba, kafin ya faru ne. Shekaranjiya sartse ya shige min yatsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sori, sori, kalli can," sannan ya zare. Mutum ɗaya na sani a duniya mai faɗin haka, da wannan jan muryar. Ke ce, tun ina ƙarama in za ki wanke min ciwo.

Ke kika raine ni bayan rasuwar Umma. Ban ce komai ba, tambaya nake. Wurinki yake zuwa?

Ki huta lafiya.
Auta

Auta,

Ina amsawa. Eh, wurina yake zuwa. Ƙodarsa ce. Ni nake sa masa allura in za a ɗora shi kan injin wankin ƙoda. Ya roƙe ni kada in faɗa miki, wai ko shekara ba ki yi a ɗakinki ba.

Jibi in ya ɗauki jakar aiki, ki ɗauki mayafinki ki bi shi tasha. Kada ki tambaye shi komai a mota. Ki taho da bargo, ɗakin injin akwai sanyi, shi kuma ba ya yarda ya roƙa.

Sai kin zo.
Yayarki