Macijin da Kuka Kwantar a Magaza

Zuwa ga mai girma Shugaban gidan al'adu na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ni ne Illiyasu na Urafane, tsohon mai tsire, wanda ya kawo maku macijin itacen nan daga ƙasar Gine. Na rubuto ne raina a ɓace.

Na ɗaya, bari in tuna maku ko mene ne shi. Na yi shekaru ina gasa nama a bakin tekun Gine, cikin mutanen Baga, manoman shinkafa. Mai masaukina, Bangura, masassaƙi ne. Shi ya kai ni ƙauyensu ranar da samari suka fito daga daji bayan an gama horonsu na zama manya. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin irin wannan ba! Maciji ne na itace, ya fi mutum tsawo, an zane shi da ja da fari da baƙi, yana tsaye cak bisa kan mutum guda da aka rufe da ganyen kwakwa da zannuwa. Mutumin na rawa, macijin na lanƙwasa can sama da kawunan jama'a, bai faɗi ba. Ni da nike taƙama da ɗaukar tire bisa kai, sai na ji kunyar kaina. Samarin kuwa sun shiga daji yara, sun fito suna sunkuyar da kai gaban tsofaffi.

Na biyu, wanda na kawo maku ba na tsafi ba ne. Bangura musulmi ne, sahu ɗaya muke salla. Ya sassaƙa mini shi don tunawa, da zan dawo gida, ya roƙe ni abu guda: kada in bari ya kwanta, domin a wurinsu tsaye ake ganinsa. Haka na rungumo shi bisa kamyo, babbar motar kaya, har Tasawa, 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka na yi mini dariya. Bangura ya rasu, ba za a sake samun aikin hannunsa ba.

Na uku, ga kukana. Na ba ku shi don yaran lakwal, wato 'yan makaranta, su san Allah ya yi mutane iri-iri masu hikima. Ranar kasuwa da ta wuce na zo da jikokina biyu, na cika su da labari tun daga hanya. Sai na tarar da shi kwance ƙasa cikin magaza, ɗakin ajiyar kaya, bayan karyayyun kujeru. Da na tambayi mai gadi, ya ce shi bai taɓa ganin maciji a tsaye ba, shi ya sa ya shimfiɗe shi. Ban ga laifinsa ba, macijin ƙasarmu ya sani. Amma haba! Gara ba ta san al'adar kowa ba, har ta fara cin cikinsa. Na sa yatsa, ya nutse.

Roƙona kaɗan ne. A ɗaga shi daga ƙasa, a sa mishi maganin gara, a samar mishi gindi ya tsaya inda ake gani, a gaya wa yara ko aikin su wane ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taimake ka bisa wannan aiki. In kuwa gidanku duka ba wurin da zai tsaya, a sanar da ni. Na tsufa, amma kaina na nan, da shi na ɗauki tire rabin rayuwata. Zan zo in aza shi bisa kai, in tafi da shi Urafane a tsaye.

Wassalam.
Illiyasu mai tsire, Urafane.